Karatu kyauta ne, to wa zai biya abinci?

Jawabin da ma'aikacin yaƙi da jahilci ya yi wa ƴan makarantar manya

Yau maganarmu a kan kwanon abincin yaro take. Na zo muku da labarin wata ƙasa mai nisa, ƙasar Ingila. Ku saurara da kyau, don a ƙarshe akwai lissafin da za mu yi tare.

A Ingila yaro yana shiga lekol yana da shekara 4 zuwa 5. Kafin nan akwai makarantar ƙananan yara, irin wadda muke ce wa jardan. Uwa takan kai ɗanta da safe, ta wuce wurin aiki, ta ɗauko shi da marece. Da yawa daga cikin makarantun nan na masu zaman kansu ne, kuma suna da tsada ƙwarai. Shi ya sa gwamnati ta ɗauki nauyin biyan wasu awoyi.

Ga yadda abin yake. Tun shekara ta 2010, kowane yaro mai shekara 3 ko 4 yana da awa 15 a sati, har sati 38 cikin shekara. Ku buga lissafi: 15 sau 38, awa 570 ke nan. A 2017 aka ninka wa yaran da iyayensu ke aiki, suka koma awa 30 a sati, wato awa 1140 a shekara. Tun watan Satumba na 2025, ko jinjiri mai wata 9 yana samun awa 30 ɗin nan, in iyayensa suna aiki kuma sun cika sharuɗɗa. Kuɗin ba ya shiga hannun iyaye. Gwamnati takan ba hukumar gari, kamar meri a nan wurinmu, ita kuma ta biya makaranta gwargwadon awoyin yaro.

Ina matsalar take?

Awa 30 cikin kwana 5, awa 6 ke nan kowace rana. Yaro ɗan shekara 3 ba ya awa 6 da ciki wofi. Dole ya ci. Amma gwamnatin Ingila ta faɗa sarai: kuɗinta na kula da yaro ne da koya masa. Babu abinci a ciki. Babu ƙyallen da ake ɗaura wa jinjiri. Babu kuɗin fita yawo da yara.

Sai makarantu suka riƙa aika wa iyaye takardar kuɗi a ƙarshen wata. Uba ya ji a rediyo an ce kyauta ne, ga shi kuma an miƙo masa takarda. Wasu makarantu ma cewa suka yi: wanda bai biya ba, babu wurin ɗansa.

Kowa da hujjarsa. Masu makarantu suna cewa abin da gwamnati ke biya bai kai abin da suke kashewa ba. Doka ta tilasta musu babban mutum ɗaya ga yara 3, in yaran ba su kai shekara 2 ba. Ga albashi, ga haya, ga wuta, ga mai dahuwa. Iyaye kuma suna cewa: an yi mana alkawarin kyauta, to ina kyautar in sai mun biya kafin a buɗe ƙofa? Mai hali yakan biya ya yi shiru. Talaka shi ne ke riƙe ɗansa gida. Alhali ɗan talakan nan shi ya fi kowa bukatar makarantar.

Yadda aka raba gardama

Maganar ta kai gaban alƙali. A farkon shekara ta 2025, babbar kotu ta tabbatar cewa awoyin da gwamnati ta biya ba a ɗora musu kuɗin dole. Daga watan Afirilu na shekarar, gwamnati ta ƙara bayyana ƙa'ida. Ga abin da ta ƙunsa:

1. Makaranta tana da izinin neman kuɗin abinci.
2. Amma biyan na son rai ne. Ba a hana yaro wurinsa don uwarsa ba ta biya ba.
3. Wanda ba zai biya ba, a ba shi wata hanya: ko ya kawo abincin ɗansa daga gida, ko a yafe masa.
4. Daga Janairu na 2026, takardar kuɗi ta rarrabe kome dalla-dalla: ga awoyin gwamnati, babu ko sisi, ga kuɗin abinci, ga na sauran kaya.

Kawo abinci daga gida ma da nasa wuyar. Akwai yaran da jininsu bai haɗu da gujiya ko madara ba. In irin yaron nan ya ɗanɗana na maƙwabcinsa, numfashinsa na iya toshewa, sai an ruga da shi likita. Don haka makarantu sukan faɗi abin da ba a shigowa da shi. Ban da wannan, ku da kanku kun san idon yaro. Yana cin nasa, yana kallon kwanon ɗan'uwansa.

Akwai wani abin mamaki. Tun 2014, a lekol ɗin gwamnati na Ingila, yaran aji uku na farko suna cin abincin rana kyauta. Ke nan yaya mai shekara 5 ya ci kyauta, ƙane mai shekara 3 a nemi kuɗin nasa.

Arewa da Ingila, cikin tsibiri guda, akwai ƙasar Sikotilan. Su wata hanya suka bi. Tun watan Agusta na 2021, kowane yaro mai shekara 3 ko 4 yana da awa 1140 a shekara, ko iyayensa na aiki ko ba sa aiki. Kuma abinci yana cikin lissafi tun farko. Ranar da yaro ya zo, ya ci, ba a tambayar uwarsa kome.

Mu dawo gida

Me ya sa na ba ku labarin nan? Don tambayar ta same mu mu ma. Lekol ɗin gwamnati ba a biyan kuɗin karatu. Wasu garuruwa suna da kantin, inda gwamnati da hukumar abinci ta duniya, PAM, ke taimakawa da abinci. A Yamai ne ma aka yi bikin farko na ranar ciyar da ƴan makaranta ta Afirka, ran 1 ga Maris 2016. Amma garuruwa da yawa ba su da kantin. Inda aka buɗe jardan a ƙauye, cikin yaro a wuyan iyaye yake.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Sati 38 sau kwana 5, kwana 190 ke nan. A misali, mu ce kunun yaro da ɗan abin taɓawa dala 20 ne a rana, wato tamma 100. Tamma 100 sau 190, jika 19. Mai yara biyu, jika 38. Kun gani, abin da ake rainawa da safe, a ƙarshen shekara kaya ne.

Saboda haka, ranar taron kwamitin lekol ko na ƙungiyar uwaye mata, kada ku zauna baya ku yi shiru. Ku yi tambaya uku. Me gwamnati ta ɗauka? Me ya rage wa iyaye? Yaron da gidansu ba su da hali, yaya za a yi da shi?

Lokacin shirya wannan shi ne kaka, sa'ad da rumbu ke cike. Wani ya kawo tiyar hatsi, wani wake, wata itace, wata ta ɗauki ranar dahuwa. A rubuta kome cikin littafi, a karanta shi gaban jama'a kowane wata. Kuma a yanke tun yanzu, kowa na ji: ba a korar yaro don ubansa bai kawo tiya ba.

Ku da kuka iya karatu da rubutu, aikin nan naku ne. In an miƙo muku takarda, ku karanta ta kafin ku biya. In kun biya, ku karɓi rasit. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaro ma da kunun ciki yake jan karatu.

Allah ya raya mana yaranmu. Sai taro na gaba.