Sanyin Bana da Tsofaffinmu: Jawabi a Gaban Matasan Unguwa

Iyayenmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Ƴan uwana matasa, maza da mata, ina sanyi? Na san amsar: lokacin abinsa ne. To yau kan wannan lokacin nake so mu yi magana, da kuma kan wani abu da yake tono muna, wato shekaru.

Kowa ya san yadda gari yake tun daga Disamba har Fabrairu. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zube muna ita a ido da maƙogwaro. Hazo ya rufe rana, leɓe ya tsage, faso ya kama ƙafa, man kaɗe ya yi daraja. Mai koko da ƙosai tana cinikinta tun duhun asuba, masu gwanjo sun baza rigunan sanyi, ɗan kabu-kabu ya naɗe fuska sai ido kaɗai. Yara suna tafiya lakkwal hannu cikin hammata. A fada kuwa, gawayin shayi ya koma na jin ɗumi, kowa yana matsowa kusa da shi.

Lokacin yana da daɗinsa. Shi ne lokacin noman rani, wanda gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa bayan farin 1984. Salati, kabeji, tumatir da karas sun cika kasuwa, manoman Galmi suna ta ban ruwan albasa. Shi ne kuma lokacin kokowar takobi, wadda aka fara a Tahoua a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka. Amma ku lura da filin kokowa da kyau. Wanda aka yi wa kirari shekara goma da suka wuce, yau yana gefe yana ba yara shawara. Ƙasa ba ta kada shi ba, shekaru ne suka zaunar da shi.

Ni kaina na doshi talatin. Wasu iyayenmu za su yi dariya, su ce wane tsufa yaron nan yake magana. Gaskiyarku. Amma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, ke nan ni da tsarana mun girmi mafi yawan mutanen ƙasar nan. A gida ana kallonmu yara, a titi yara suna ce muna tonton da tanti. Mun gama jami'a, wasu sun yi sarbis sibik sun dawo, wasu har yau takardar tana cikin akwati. Sanyin da muke fita buga ƙwallo cikinsa ba riga, yanzu sai mun nemi hula. Abin da ya fi canzawa kuma shi ne tunani. Da, in sanyi ya shigo, bargona kawai nake nema. Yanzu in na ji tarin mahaifina daga ɗakinsa cikin dare, barci ya ƙare. A wurina farkon girma ke nan, ranar da sanyin wani ya fara hana ka barci.

Ku duba su wa sanyin nan ya fi bugu. Da an gama girbi, samari sun kama hanyar cin rani: Kano, Legas, Abidjan, Libiya, Aljeriya. Ba laifinsu ba ne, rumbu ba ya kai wa damina. Amma su wa suka rage a ƙauye? Mata, ƙananan yara da tsofaffi. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta sunkuyo ita ce za ta nemi itace. Dattijon da ƙirji ke damu shi ne zai yi alwala da ruwan randa mai kamar ƙanƙara. Jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na yaro, kuma murar da za ta bar ka cikin kwana uku, shi tana iya sauka masa a huhu.

Kuma yawancinsu ba su da fansho. Wanda ya yi aikin gwamnati ko na kamfanin da ke zuba masa kuɗi a CNSS yana da ɗan abin karɓa. Manomi fa? Makiyayi, mai tura kura, mai tuyar ƙosai ta shekara arba'in? Fanshonsu ɗiyansu ne, ɗiyan kuma suna fama da kansu. Tun 2006 aka yi dokar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likita, kuma abin yabo ne. Ya kamata mu fara tambayar magabata da babbar murya: wane tanadi aka yi wa wanda ya haura sittin?

Akwai haɗurra biyu da nake so kowa ya koma gida da su a ka. Na farko wuta. Iska tana da ƙarfi, komai ya bushe, kowa yana neman ɗumi. Ba mu manta da ajin zana da ya kama wuta a Maradi cikin Nuwamban 2021 ba, inda yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Garwashi ɗaya ya isa. Sannan kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya kwanta yana jin daɗin ɗumi, ba zai farka ba. A fitar da kasko kafin a rufe ƙofa. Na biyu sanƙarau. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki ɗaya yana yaɗa cutar, abin kuma yana ƙaruwa in zafi ya fara shigowa. A 2015 ta kashe mutum sama da 500 a ƙasar nan. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, a wuce likita nan take, kar a jira gobe.

To me za mu yi, mu da muke tsakiya? Ba sai mun jira wani aiki daga waje ba. Kowace fada ta ƙirga tsofaffin layinta da ke kwana su kaɗai, ta raba su tsakanin membobinta. Kuɗin shayi da sukari na mako guda ya isa bargon gwanjo. A toshe tagar da iska ke shiga, a ɗora ruwan alwala kan wuta kafin asuba, a raka mai tari zuwa likita. In an samu rarar riga, almajirin da ke kwana a zaure ma ɗan wani ne. Ku kuma da ke cin rani kuna karanta wannan a waya, in za ku aiko da saƙo, ku ware na bargo da magani, ku faɗi sunan wanda za a ba.

Sannan ku zauna da su. Tsoho yana buƙatar hira kamar yadda yake buƙatar bargo. Wanda ya ga yunwar 1973 da ta 1984 ya san abin da ba a koya muna a jami'a ba, kuma in ya tafi, da shi zai tafi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ne tsofaffin gobe, in Allah ya ba mu rai, kuma yaran da ke ce muna tonton suna kallon yadda muke yi da iyayenmu. Abin da suka gani shi za su yi muna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu ga bayan sanyin nan lafiya.