Shigar da Tsohuwar Kwamfuta Cikin Domen na Ofis

Jawabinmu na yau ya shafi wani aiki ne da ake yi kullum a ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, watau haɗa tsohuwar kwamfutar tebur da hanyar sadarwar ofis. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan manomi ko ɗan kasuwa da wannan? To, da ruwansa ƙwarai, domin a cikin waɗannan na'urori ne ake ajiye takardun albashi da na fansho, da bayanan marasa lafiya, da lissafin haraji. In ɗayarsu ta zama kafar ɓarna, jama'a ne za su ji a jikinsu.

A ofis mai ma'aikata da yawa ba a barin kowace kwamfuta ta ci gashin kanta. Akan tara su a ƙarƙashin wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda ke riƙe da rajistar sunayen ma'aikata, da kalmominsu na sirri, da iyakar abin da aka yardar wa kowa ya buɗe. Wannan tsari shi ake kira domen. Ofisoshi da yawa suna amfani da na kamfanin Microsoft mai suna Active Directory, wanda ya fito tare da Windows 2000 a shekarar 2000. Amfaninsa a fili yake. Ma'aikaci yana shiga kowace kwamfuta ta ofis da suna guda, in kuwa ya bar aiki sai a rufe sunansa a wuri guda.

Sai dai a lura, ranar da aka shigar da kwamfuta domen, akan buɗe mata suna a cikin rajista, da kalmar sirri tata ta kanta wadda takan sake duk kwana 30. Daga nan ta zama 'yar gida, sauran kwamfutoci sun amince da ita. Saboda haka akwai abubuwa huɗu da ya wajaba a bincika tun kafin a fara.

Na farko, kuma shi ne mafi girma, shi ne ko har yanzu ana aiko wa tsarin da ke cikinta gyare-gyaren tsaro. Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai fa ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Ba haka ke nuna kwamfutar ta daina aiki ba. Tana nan tana aiki, amma duk kafar da miyagu suka gano a jikinta babu mai toshewa.

An ga illar wannan ranar 12 ga Mayu 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150. Takan kulle takardun da ke cikin kwamfuta, ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitoci da dama sun mai da marasa lafiya gida ba a duba su ba. Abin takaici, tun watan Maris na shekarar aka fitar da gyaran, waɗanda ba su sa shi ba su ne suka sha wuya. Manhajar ta bi ta wata tsohuwar hanyar musayar takardu ce mai suna SMB1, tana tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da kowa ya taɓa kome ba. Windows XP kuwa wannan tsohuwar hanya kaɗai ta sani, sababbin sabar kuma ba sa zuwa da ita. Ashe wanda ya nace sai ya shigar da XP domen, yana neman a sake buɗe ƙofar da aka toshe ne saboda ɓarawo.

Na biyu, a duba irin Windows ɗin. Wanda aka yi domin gida, mai suna Home, ba ya shiga domen ko kaɗan. Sai irin su Pro, ko Enterprise, ko Education.

Na uku, a duba agogo. Tsarin tantance masu shiga, wanda ake kira Kerberos, a ƙa'idarsa ba ya yarda agogon kwamfuta ya saɓa wa na sabar da fiye da minti 5. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, yawanci mai lamba CR2032, wanda ke riƙe da lokaci in an kashe wuta. In ya mutu, sai kwamfuta ta tashi da kwanan watan shekarun baya, ma'aikaci ya yi ta buga kalmar sirri daidai ana ƙin karɓa. Kuɗin batirin ƙalilan ne, amma rashin saninsa yakan cinye wa ofis yini guda.

Na huɗu, a duba inda kwamfutar take tambayar adireshi, watau DNS. Dole ne a nuna mata na ofis. In an bar ta da na kamfanin da ke sayar da intanet, za ta buɗe shafukan duniya lafiya lau, amma ta ce ba ta ga domen ba.

In duk waɗannan sun yi daidai, sauran aiki ba wuya. A kwafe takardun da ke ciki a ajiye a wani wuri, domin bayan shiga ma'aikaci zai tarar da sabon fage, tsofaffin takardunsa suna ƙarƙashin tsohon sunansa. A ba kwamfutar suna wanda bai wuce harafi 15 ba, wanda kuma wata ba ta da shi. Sa'an nan jami'in da ke da izini ya rubuta cikakken sunan domen a wurin da ake sake sunan kwamfuta, ya sa sunansa da kalmarsa ta sirri, a kashe a kunna. Kada ma'aikaci ya ari kalmar sirrin jami'i domin ya yi da kansa.

To, yaya za a yi da wadda ta faɗi gwajin farko? In ƙarfinta ya kai, a sa mata sabon tsari. Windows 11 yana bukatar aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwa, da 64 na ma'aji, da na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. In kuwa ba makawa sai an riƙe ta yadda take, misali don tana tafiyar da wani tsohon injin awo, a ware ta ita kaɗai, ba domen, ba intanet.

A ƙarshe, wannan ba shawara kawai ba ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. In aka keta su ta yadda za a iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar da ke kula da wannan cikin sa'o'i 72. Tattalin kayan gwamnati abin yabo ne, kuma kwamfutar da ke da sauran amfani ba a jefar da ita. Amma shugaban ofis ya tuna amanar jama'a da ke hannunsa ta fi kuɗin sabuwar na'ura tsada.