BELU BA CUTA BA NE

 Yau zancenmu a kan abin da ke cikin maƙogwaro ne, musamman ɗan naman nan da mu ke kira belu.

Ka sami madubi, ka tsaya wurin haske, ka wangame baki. A sama za ka ga rufin baki, watau ganɗa. Gabanta ƙashi ne, in ka taɓa da harshe za ka ji tauri. Bayanta kuwa nama ne mai laushi, a ƙarshensa belu ya ke reto. Dama da hagu akwai waɗansu 'yan curin nama biyu, su ne likitoci ke kira tonsil. Aikinsu gadin ƙofa ne, suna tare ƙwayoyin cuta.

Bayan belu hanyoyi uku suka haɗu. Ɗaya ta hau sama zuwa hanci. Biyu sun gangara cikin wuya: ta gaba ta iska ce, tana zuwa huhu, ta baya ta abinci ce, tana zuwa ciki. Sa'ad da ka haɗiye loma, sai naman nan mai laushi da belu su ɗaga su toshe hanyar hanci, wani ɗan murfi kuma a gindin harshe ya rufe hanyar iska. In murfin bai rufu daidai ba, shi ne mutum ya kan ƙware. To, kun ga belu ba ƙari ba ne, kowa da shi a ke haihuwarsa, yana kuwa da aikinsa.

Amma a garuruwanmu da yawa a kan kira wanzami ya cire wa jariri belu cikin makon haihuwa, wai kada ya kumbura ya shaƙe yaro. Na san ƙauna ce ta ke sa iyaye yin haka, amma ku ji haɗarin abin.

Na fari, jini. Jariri mai nauyin kilo 3 jinin jikinsa duka kamar kwatar lita ne, bai cika kwalbar lemo ba. A kwanakin farko kuma jininsa ba ya saurin daskarewa, shi ya sa a ke yi wa jarirai allurar bitamin K. Jinin yankan belu kuwa baya ya kan bi, yaro ya haɗiye, ko ya shiga hanyar iska, uwa ba ta ga yawansa ba.

Na biyu, ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi yana iya ɗauko ciwon hanta, ko ƙanjamau, mai datti kuma ya kawo tetanus, ciwon nan mai sarƙe muƙamuƙi.

Na uku, zafin miki ya kan hana yaro kama nono, ya rame.

Na taɓa karɓar wani jariri kwana ɗaya bayan suna. Leɓunansa sun yi fari fat, kukan ma ba ya fita. Uwar ta rantse jinin da ta gani bai cika cokali ba. Sauran yana cikinsa. Sai da aka kai shi babban asibiti aka ƙara masa jini kana ya farfaɗo.

Saboda haka, malam mai gida, kai a ke tambaya kafin a kira wanzami. Ya yi wa yaro askin suna da sabuwar reza, a sallame shi da abin hasafinsa, amma kada a sa ƙarfe a bakin yaro. Ke kuma uwargida, in yaro ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, kawo shi asibiti ran nan, kada ki jira gobe. In an riga an yanka, kada kunya ta hana ku gaya mana, ba faɗa za mu yi ba.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa.