Fumfuna a Idon Kyamara

Yau zancen namu ne da ku masu ɗaukar hoto a gidajen biki da suna, ku da kyamara ce jarinku.

Kwanakin baya wata ƙanwata mai wannan sana'a ta zo mini hankali a tashe. Ta ɗauki hotunan kamun wata amarya, sai duk suka fito dishi-dishi kamar an ɗauke su cikin hazo. Kun dai san kamu ba a sake shi. Muka kwance gilashin gaban kyamarar, wato idonta, muka haska tocila ta cikinsa, sai ga wasu fararen zare-zare kamar saƙar gizo. Fumfuna ce, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan burodi idan ya kwana biyu a leda.

To, ta ina ta shiga? Ƙwayoyinta suna yawo ne a iska, ba gidan da babu su. Abu uku kawai suke jira: danshi, duhu, da ɗan abin ci, kamar ƙura ko maiƙon yatsa. Idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100 ya kuma daɗe a haka, kamar yadda ake samu a tsakiyar damina, sai su tsiro. Ita kuwa ƙanwar tawa, a jakar fata ta rufe kyamarar ta tura ƙasan sif, ta yi makonni ba ta taɓa ta ba. Ai ta yi wa fumfuna shimfiɗa.

Abin tsoron shi ne, idan ta daɗe tana fitar da wani sinadari mai cin siririn rufin da ke kan gilashin. Da wuri mai gyara zai iya buɗewa ya wanke. In ta riga ta ci, tabon ya zauna ke nan, sai dai sabo.

Saboda haka 'yar uwa, nemi roba mai murfin da ke rufuwa gam. Saka kyamarar ciki tare da silika, 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da kike tsinta a kwalin sabon takalmi kina zubarwa. Ana sayar da manyansu. Suna shanye danshi, amma su ma suna ƙoshi: mai shuɗi takan koma ruwan hoda, to a canza ta ko a busar da ita. A kiyaye yara da ita. Mai hali ta sayi akwatin lantarki na musamman, ta tsayar da danshin tsakanin kashi 40 zuwa 50.

Kada ki hura wa gilashin iskar baki ki goge da gefen mayafi. Akwai ƙyallensa mai laushi. In ruwa ya taɓa kayan, su bushe sarai kafin ki rufe. In kin fito daga ɗaki mai na'urar sanyi, bar ta a jaka har sanyin ya sake ta, kada gilashin ya yi gumi. Wanda ya kamu kuwa, ware shi daban. Ko babu biki, fito da ita duk mako ta sha iska da haske.

Rigakafi dai ya fi magani. Yau da daddare ki ɗauki tocila ki duba taki. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.