Haɗawa, Haɗuwa da Haɗewa: Ma'anar Wata Kalmar Ingilishi a Bakin Bahaushe



Kalmar da zan yi magana a kanta yau ta Ingilishi ce, watau amalgamation, wadda kowane ɗan makaranta ya haddace tare da sunan Gwamna Lugga da ranar 1 ga Janairu, 1914, ranar da aka gama Arewa da Kudu suka zama Nijeriya ɗaya. In ka buɗe ƙamus, za ka tarar an jero mata 'yan'uwa, irin su union da merger da federation da unification, sai ka ce duk abu guda suke nufi. Mai fassara kuma, in yana sauri, sai ya kwashe su duka ya zuba a cikin "haɗin kai", ya wuce. Ni a ganina wannan ganganci ne, domin Hausa ta fi haka tsantseni.

Asalin kalmar daga wajen masu aikin ƙarfe ta fito. Turawa suna kiran cakuɗen zaiba da wani ƙarfe amalgam. Masu haƙar zinariya sun san wannan aiki: a zuba zaiba cikin garin dutse, ta kama zinariyar, su zama dunƙule ɗaya wanda ido ba ya iya rarrabewa, sai fa an sa wuta. To, amma abin da aka yi a 1914 bai kai nan ba. An gama baitulmali da jirgin ƙasa da gidan waya, saboda Arewa tana cin tallafi daga Ingila, Kudu kuwa tana da rarar kuɗin kwastan. Amma kowane ɓangare ya ci gaba da zama da nasa mataimakin gwamna da nasa tsarin mulki, sarakunan Arewa kuma suna nan da En'e-En'ensu. Sunan ya ce narkewa, aikin kuwa ɗinki ne, ɗinkin ma na wucin gadi.

Yanzu mu dubi namu kayan. Bahaushe ba ya cewa mutane sun zo wuri ɗaya sai ya bayyana abin da zai same su bayan zuwan. Taro na watsewa ne. Waɗanda suka cika kasuwar Shuwarin da hantsi, kafin isha kowa ya kama hanyar garinsu. Gayya taro ce mai aiki a gabanta: a nome gona, ko a ɗaga jinka, a sha fura, a tashi. Gamuwa ba ta buƙatar shiri, ka iya gamuwa da aboki, ka iya gamuwa da kura. Ƙawance yana da wa'adi, ko da ba a faɗa ba, shi ya sa ya dace da jam'iyyun siyasa gab da zaɓe. Larabci kuma ya ba mu aron gida guda: jama'a, jam'iyya, jam'i, Juma'a da jami'a duk saiwarsu ɗaya, mai ma'anar tarawa. Saboda haka sunan Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 1911 da ƙarin shekara ɗari, watau 2011, yana ɗauke da kalmomin haɗuwa biyu, ɗaya ta aro, ɗaya ta gado.

Ita wannan ta gadon, tarayya, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. In magada suka bar gonar mahaifinsu ba a raba ba, sai a ce suna tarayya a cikinta. Kowa yana nan da sunansa da iyalinsa da rumbunsa, abin da aka yi tarayya a kai shi kaɗai ne na kowa, kuma kowa ya san yana da haƙƙi, ba alfarma ake yi masa ba. Duk wanda ya fara zaɓen wannan kalma don fassara tsarin mulkin da Nijeriya ta shiga a 1954, ya san Hausa, ya kuma san siyasa. Haka nan wanda ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya. Bai ce duniya ta haɗu ba, domin a 1945 ya gan ta a yage. Sai dai kuma an yi wa tarayya yawan lodi daga baya: Tarayyar Sobiyet, Tarayyar Turai, Tarayyar Afirka, alhali kuwa ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan.

Inda hatsarin yake shi ne cikin aikatau ɗin nan guda mai wutsiya uku. An haɗa su: wani ne daga waje ya yi aikin. Sun haɗu: su da kansu suka zo. An haɗe su: ba sauran kan iyaka a tsakani. Ku lura kuma, a bakin Hausawa da yawa haɗe na nufin haɗiye. Wasali ɗaya ne ya raba su, amma talaka yana jin bambancin tun kafin mai sanarwa ya rufe baki.

Kada a ɗauka wannan wasan malaman nahawu ne. Ran 24 ga Mayu, 1966, Janar Ironsi ya kafa doka mai lamba 34, ya soke tarayya, ya mai da jihohi rukunin larduna, ya ce ma'aikatan gwamnati duka su koma ƙarƙashin tsari guda. Masu goyon bayan dokar sun kira ta haɗin kan ƙasa. Ma'aikacin Arewa kuwa, wanda ya san ba shi da yawan takardun makaranta kamar takwaransa na Kudu, haɗiyewa ya ji. Cikin 'yan kwanaki tarzoma ta tashi a biranen Arewa, aka kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, kalmar da ake ta ihu da ita kuwa ita ce "a raba". Da Gowon ya hau, sai ya soke dokar, aka koma tarayya.

Mu dawo gida. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jigawa daga Jihar Kano. Mukan ba da labarin a matsayin rabuwa, amma rabinsa haɗawa ne. Haɗejiya da Gumel da Kazaure masarautu ne masu cin gashin kansu tun kafin zuwan Turawa, Dutse da Birnin Kudu da Jahun da Gwaram da Ringim kuwa sun daɗe suna gundumomi a ƙarƙashin Sarkin Kano. Tarihi biyu ne aka sa a inuwa ɗaya, aka ajiye hedkwata a garin da bai fi sauran girma ba. Yau masarautu biyar da ƙananan hukumomi 27 suna cin baitulmali guda. An haɗa su, wannan ba musu. Ba a kuwa haɗe su ba, don har gobe in za a raba muƙamai ko ayyuka, sai an tambayi mutum daga wace masarauta ya fito. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni ina ganin haka tarayya take, muddin dai lissafin rabon a fili ake yin sa.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, ranar da takarda ta sauko daga sakatariya cewa za a gama makarantun ƙauyuka biyu, ko ƙungiyoyin gama kai na manoman Kiyawa da na Jahun, kafin ku aika wa dagaci da fassara ku tambayi wanda ya rubuta ta: sunan wa zai rage a kan allo, asusun wa za a rufe, wa kuma zai riƙe hatimi? Amsar da ya ba ku ita za ta nuna wasalin da za ku sa a ƙarshen kalmar.