Hatsarin Sifirin A Wurin Aiki



An nemi in yi magana a kan kiyaye lafiya a wurin aiki. Na zaɓi sifirin, domin da yawanmu muna da gareji ko shago, wasu kuma suna kula da ma'aikata a masana'antu, ga kuma 'ya'yan mutane da aka ba mu amana suna koyon aiki.

Sifirin ma'ajiyar ƙarfi ne. Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa gwargwadon yadda ka matsa shi, gwargwadon yadda zai turo. In ka ninka matsin, turinsa ya ninka biyu, amma ƙarfin da zai yi tsalle da shi in ya kuɓuce ya ninka huɗu. Kashe inji ko cire lantarki ba ya rage masa komi. Shi ya sa dokar kulle inji kafin gyara, wadda Amurka ta kafa a 1989, ta sa sifirin cikin abubuwan da dole a sauke ƙarfinsu kafin a sa hannu.

Wurare uku nake jiye mana tsoro. Na farko, sifirin ɗin ƙafar gaba ta ƙaramar mota. Wanda ya kwance notin sama bai kama shi da abin matsewa ba, fuskarsa zai nufa. Na biyu, tukunyar birkin iska ta tirela. Na cikinta yana iya kashe mutum, saboda haka ba a buɗe ta, sabuwa ake sawa. Na uku, ƙofar shago mai naɗewa. Masu ƙara mata ƙarfi da sukundireba maimakon sandunan da aka yi don aikin, yatsunsu da haƙoransu suke sa wa a caca.

Shawarata ita ce, a sauke ƙarfin a hankali, zagaye bayan zagaye. A tsaya a gefe, kada a sa kai saitin sifirin. A sa tabarau na aiki. Wanda ya tsage ko tsatsa ta ci, a jefar, kada a kai shi walda. Yaro kuwa kada a bar shi shi kaɗai a kan wannan aiki.

Dokar 2010 ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a Nijeriya, amma diyya ba ta mayar da ido. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Allah Ya kiyaye mu da na ƙarƙashinmu.