Littafin Lura: Yadda Za Mu Koya Wa Yaranmu Duban Halittun Allah

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in tofa albarkacin bakina a kan tarbiyya, alhali ga waɗanda suka yi mana tarbiyyar nan zaune a gabana. Saboda haka ba zan tsawaita ba. Shawara ɗaya tak na kawo, kuma kuɗinta bai wuce na littafin rubutu da fensir ba. Shawarar ita ce, kowannenmu ya saya wa ɗansa ko 'yarsa littafi na musamman, wanda ba na aikin makaranta ba, inda yaron zai riƙa rubuta abin da ya gani na halittun Allah, kamar tsuntsu ko itace ko ƙwaro ko hadari ko wata, tare da rana da wurin da ya gan shi. Ni na sa masa suna littafin lura.

Wani zai ce, me ya haɗa wannan da addini? Jama'a, mu dubi sunayen surorin Alƙur'ani mai girma. Akwai surar Saniya, da ta Ƙudan Zuma, da ta Tururuwa, da ta Gizo-gizo, da ta Giwa. A cikin Suratul Gashiya an jawo hankalinmu mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. A ƙarshen Ali Imrana kuma an yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa. To, yaron da bai taɓa tsayawa ya kalli tururuwa tana jan ƙwayar gero ba, yaya zai yi wannan tunani? Muna koya wa yaranmu haddar ayoyin da ke cikin Littafi, kuma hakan wajibi ne, amma ayoyin da ke tsakar gida mun bar su, idanun yaran sun koma kan wayar hannu.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Jahizu, malamin Basra na ƙarni na 9, ya rubuta Kitabul Hayawan a kan dabbobi. Ibnul Baiɗar, wanda aka haifa a Andalus ya kuma rasu a Dimashƙa a shekarar 1248, yawo ya yi ƙasa-ƙasa yana duban tsirrai da idonsa, har ya tattara bayanin magunguna da abinci kusan 1,400. Da lura da rubutawa suka kai ga wannan matsayi.

Abin lura kuwa ba sai an je nesa ba. Ga shamuwa, wadda kakanninmu suka ɗauka alamar ƙaratowar damina. Yaro ya rubuta ranar da ya fara ganinta bana, da ranar da aka yi ruwan farko, baɗi ma ya sake, sannan ya kwatanta. In ya tambayi inda take zuwa da rani, a gaya masa kudancin Afirka take tafiya. Ga gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya tsiro sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Ga furen kuka, wanda ke buɗewa da almuru, jemagu su zo shan ruwansa da dare. Ga kuma jinjirin wata. Yaro ya zana shi kullum bayan sallar magariba har ya cika, zai gane da kansa abin da ake nufi da kwana 29 ko 30. Daga nan sai a nuna masa cewa shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana kuwa 365, shi ya sa azumi ke zagayawa daga zafi zuwa sanyi.

Na san wasu iyaye za su yi ɗari-ɗari da maganar zane, kuma suna da hujja. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai yin hotuna da ya koma yin na itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan ganye da fure da gajimare da wata babu laifi a zana su. Abu mai rai kuwa, malamai sun yi bayani mai faɗi, kowa ya tuntuɓi malaminsa. Kafin nan, yaro ya siffanta tsuntsun da kalmomi: launinsa, girmansa, kukansa, abin da yake ci. Ya zana sawunsa, ko ya manna gashin da ya tsinta. Wannan ma ya fi koya masa rubutu.

Sharuɗɗa biyu nake so mu gindaya wa yaran. Na farko, kada a cutar da abin da ake kallo. Babu danƙo, babu kwashe ƙwai, babu rushe sheƙa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci sahabbansa su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Na biyu, kada yaro ya rubuta sai abin da ya gani da idonsa. In balbela uku ya gani, ya rubuta uku, kada ya ce goma don ya burge babansa. A nan ne nake ganin babbar ribar. Mu da ke aikin gwamnati mun san irin ɓarnar da alƙaluman ƙarya ke yi a cikin fayil, domin a kansu ake gina kasafi, a kansu ake raba taki da magani. Wanda ya saba faɗin gaskiya a kan adadin balbela tun yana ɗan shekara 8, da wuya ya ƙara sifiri a takardar ofis yana ɗan shekara 40. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin iyaye a nan kaɗan ne. Ranar Juma'a da yamma a zauna da yaro minti 10, a buɗe littafin tare, a tambaye shi, a ce masa madalla. Kada a kama jan biro ana gyaran kuskure, wannan ba jarrabawa ba ce. In ya yi tambayar da ba a san amsarta ba, a tura shi wurin kakarsa ko wani tsohon manomi, domin sunayen tsirrai da tsuntsaye na Hausa a bakinsu suka rage.

A ƙarshe ina roƙon ƙungiyarmu ta sa littafin lura cikin gudummawar da muke kai wa makarantar nan, a kuma ware kyauta ga ɗalibin da littafinsa ya fi tsari a taronmu na baɗi. Malamanmu da suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Na raye, Allah Ya saka musu da alheri. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, amin.